Sharhi: Me Ya Sa Kuɗi Ke Ci Gaba Da Fita Bayan Mai Layi Ya Soke Rajista?

Tun daga ranar 20 ga Janairun 2025, lokacin da Hukumar Kula da Harkokin Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da saƙon tes da abin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba, 'yan Najeriya suka ƙara sa ido a kan kowace naira da ke fita daga layukansu. Ƙarin shi ne irinsa na farko tun shekarar 2013, ya kuma zo a daidai lokacin da tsadar abinci da sufuri ta riga ta rage abin da ke aljihun magidanta.

Wannan sa idon ya sake fito da wani tsohon ƙorafi fili. Mutum zai soke wani tsari da ya shiga, ko ya sallami kamfanin da ke ba shi intanet a gida, ya ɗauka magana ta ƙare, sai ya wayi gari an ci gaba da cirar masa kuɗi. Idan ya kira kamfanin, amsar da ya fi samu ita ce na'ura ba ta nuna ya soke komai ba. Daga nan taƙaddamar ke farawa, kuma a mafi yawan lokuta a nan take mutuwa, domin mai ƙorafin ba shi da abin da zai nuna.

Ƙasar ba ta rasa dokoki a kan wannan lamari ba. Abin da ya rage shi ne shaida: ɓangare ɗaya ne kawai ke riƙe da littafin lissafi, kuma shi ne wanda ake ƙorafi a kansa.

Fuskoki huɗu na taƙaddamar

Fuska ta farko, wadda ta fi shafar jama'a, ita ce ta ƙananan hidimomin da ake jingina wa layi, irin su waƙar kira, labaran ƙwallon ƙafa, wasannin kacici-kacici, shawarwarin lafiya da saƙonnin addini. Yawancinsu wasu kamfanoni ne daban, masu lasisin NCC, ke samar da su, kamfanin layin kuma ya cire kuɗin daga katin mai waya, a raba tsakaninsu. Ana sabunta su kullum ko mako-mako ba tare da an sake tambayar mai layi ba. Wani zai tura saƙon dakatarwa, ya dakatar da guda ɗaya, bai san akwai wasu biyu da ke ci gaba da aiki ba.

Ta biyu ita ce data mai sabunta kanta. Mai waya ya sayi data ta wata ɗaya, bai lura cewa zaɓin da ya danna yana ɗauke da izinin sabuntawa ba. Da ya sa kati domin kiran gida, sai kuɗin ya tafi ga datar da bai nema ba.

Ta uku ta shafi intanet na gida da na ofis, da layukan da ake biya a ƙarshen wata. A nan akan haɗa biyan da katin banki, ko a sa hannu a kan izinin cirar kuɗi kai-tsaye daga asusu. Soke hulɗa da kamfanin ba ya nufin an soke izinin da ke banki, domin wurare biyu ne daban. A irin wannan hulɗa ne kuma ake jayayya a kan kwanakin da aka biya ba a yi amfani da su ba, da kuɗin ajiya, da kuɗin na'urar rarraba intanet da kamfani ya ce ba a dawo masa da ita ba, da tarar ficewa kafin wa'adin yarjejeniya ya cika.

Ta huɗu ita ce ragowar kati da data a layin da aka rufe. Ƙa'idojin ingancin aiki na NCC sun ce layin da ya yi wata shida ba a yi wani abu mai kawo kuɗin shiga da shi ba za a dakatar da shi, idan kuma ya ƙara wasu watanni shida a haka ana iya sayar da lambar ga wani. Alƙaluman hukumar sun nuna cewa layukan da ke aiki sun ragu daga sama da miliyan 210 a farkon 2024 zuwa kusan miliyan 155 a watan Satumbar shekarar, bayan tantance alƙaluman kamfanoni da cikar wa'adin haɗa layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Duk layin da aka rufe da ragowar kuɗi a cikinsa yana barin tambaya a baya: na wa ne kuɗin?

An riga an karɓa kafin a yi gardama

Abin da ya bambanta Najeriya da ƙasashen Turai da Amurka a wannan fanni shi ne yadda ake biya. A can, akasarin jama'a suna amfani da layi ne sannan a aiko musu da takardar biya, don haka wanda bai yarda da lissafi ba yana iya riƙe kuɗinsa har a warware. A nan mafi rinjayen masu waya suna sa kati ne kafin su yi amfani. Kuɗin yana hannun kamfani tun kafin a samu saɓani. Mai layi ne zai bi sawun abin da ya riga ya fita, kuma shi ake sa ran ya tabbatar da cewa ya soke.

Da me zai tabbatar? Wanda ya soke ta hanyar danna lambobi, allon wayarsa kan nuna saƙo na ɗan lokaci ya ɓace. Wanda ya kira ma'aikacin kamfani, muryar da aka naɗa tana wurin kamfani. Wanda ya je ofis ya faɗa da baki, sau da yawa yakan fito hannu biyu babu takarda. Shiga tsari kuwa danna lamba ɗaya ce, wani lokaci ma a kan tallar da ta faɗo a allo yayin da mutum ke ƙoƙarin yin wani abu daban.

Akwai kuma batun ƙanƙantar kuɗin. A ɗauka, a matsayin misali, ana cirar naira 50 a rana daga layin mutum. Kuɗin motar da zai kai shi ofishin kamfani a birni ya fi abin da aka cire masa a mako guda, don haka sai ya haƙura. Amma idan aka yi wa layi miliyan ɗaya haka, naira miliyan 50 ke nan a rana, naira biliyan ɗaya da rabi a wata. Da yayyafi kogi kan cika. Abin da bai kai mutum ɗaya ya ɓata yininsa a kai ba, ya kai hukuma ta ɗauke shi da muhimmanci.

Harshe ma yana da nasa tasiri. Ko da yake cibiyoyin amsa kira na manyan kamfanoni suna da zaɓin Hausa da Yarbanci da Ibo, saƙonnin shiga tsari da na sabuntawa yawanci da Turanci suke zuwa. Dattijon da ke ƙauye, ko 'yar kasuwar da ba ta yi karatun boko mai zurfi ba, ba lallai su gane cewa saƙon da ya shigo yana sanar da su za a sake cirar kuɗi gobe ba. Abin da suke gani kawai shi ne kati ba ya daɗewa.

Tun daga tsakiyar 2025 an samu ƙarin abin da ke cin kati. Bayan shekaru ana taƙaddama tsakanin bankuna da kamfanonin waya a kan bashin hidimar tura kuɗi ta lambobin USSD, wanda ya haura naira biliyan 200, an koma tsarin cirar naira 6.98 daga katin mai waya a kan kowane zama na daƙiƙa 120. Wannan cira halastacciya ce, amma ta ƙara yawan hanyoyin da kati ke raguwa, ta kuma ƙara wahalar gane wanne ne daidai, wanne ne kuskure. Taƙaddamar ta kuma nuna wani abu. Lokacin da manyan kamfanoni suka yi saɓani a kan lissafi, NCC da Babban Bankin Najeriya, CBN, sun zaunar da su, kowane ɓangare ya kawo nasa alƙaluman, har aka kai ga barazanar katse lambobin bankuna tara a Janairun 2025. Mai layi ɗaya ba shi da alƙaluman da zai ajiye a kan teburi.

Abin da doka ta riga ta tanada

Dokar Sadarwa ta 2003 ta ɗora wa NCC alhakin kare masu amfani da layukan waya, ta kuma hana kamfani sanya farashin da hukumar ba ta amince da shi ba. A ƙarƙashinta aka fitar da ƙa'idojin mu'amala da masu amfani da layi a 2007, waɗanda aka sabunta a 2024. Daga cikin tanade-tanadensu akwai cewa shigar da ƙorafi kyauta ne, kamfani ya adana bayanan lissafi, kuma kada ya katse layi ko ya ɗauki matakin karɓar bashi a kan kuɗin da ake jayayya a kai alhali bincike bai kammala ba. Wannan tanadi na ƙarshe yana da amfani ƙwarai ga masu biyan ƙarshen wata, sai dai kaɗan ne suka san da shi.

A 2016, a zamanin Farfesa Umar Garba Dambatta, hukumar ta ƙaddamar da lambar 2442 domin toshe saƙonnin talla. A 2018 ta umarci kamfanoni su daina sanya mutane cikin tsare-tsare ko sabunta musu data ba tare da amincewarsu ba, ta kuma tanadi wa'adin da mutum zai iya ɗora ragowar datarsa a kan sabuwa. A 2023 aka daidaita gajerun lambobi a dukkan layuka: 300 domin kiran cibiyar ƙorafi, 310 domin duba ragowar kati, 323 domin duba data, 305 kuma domin dakatar da ƙananan hidimomi. Lambar 622 ta hukumar, wadda kiranta kyauta ne, tana karɓar ƙorafin da kamfani ya kasa warwarewa.

A ƙarƙashin shugabancin Dokta Aminu Maida, hukumar ta fitar da ƙa'idar sauƙaƙa farashi a 2024, wadda ta taƙaita kowane kamfani ga tsare-tsaren farashi bakwai da ƙunshin hidima 100, domin mai saye ya fahimci abin da yake saye. A Afrilun 2025 kuma ta gabatar da daftarin ƙa'ida da zai bai wa wanda aka rufe layinsa watanni 12 ya nemi ragowar katinsa, muddin ya tabbatar da cewa layin nasa ne. Daftarin ya ce a mayar da haƙƙin ta hanyar hidima, kamar kira ko data, ba tsabar kuɗi ba.

Baya ga NCC, akwai Hukumar Kula da Gasa da Kare Haƙƙin Masu Sayayya ta Tarayya, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa. Dokar ta haramta sharuɗɗan yarjejeniya na zalunci ko waɗanda suka karkata gaba ɗaya ga kamfani, ta kuma bai wa mai saye damar soke odar da ya bayar, bisa biyan kuɗin sokewa da bai wuce hankali ba. Hukumomin biyu sun sa hannu a kan yarjejeniyar aiki tare a Janairun 2025, domin rage yadda mai ƙorafi ke yawo tsakanin ofisoshi.

Inda giɓin yake

Duk waɗannan matakai sun fi ƙarfi a ƙofar shiga. Sun yi magana a kan amincewa kafin a sa mutum cikin tsari, da bayyana farashi, da hana talla. Ƙofar fita ce ba ta samu irin wannan kulawa ba, musamman abin da mai layi zai riƙe a hannunsa bayan ya fita.

Hanyar ƙorafin kanta tana nuna hakan. Kafin a kira 622, sai an fara kai kuka ga kamfani an karɓi lambar ƙorafi. Wannan tsari yana da ma'ana, domin hukuma ba za ta iya sauraron kowace ƙaramar magana daga layuka sama da miliyan 160 ba. Amma yana nufin wanda aka sallama ba tare da an ba shi lambar ba, ko wanda bai san ya nema ba, ya tsaya a matakin farko. Idan kuma kuɗin ta banki ya fita, sai a fara turereniya: kamfani ya ce a je banki, banki ya ce umarnin mai asusu yake bi. CBN yana karɓar ƙorafin da banki ya kasa warwarewa cikin makonni biyu, sai dai wannan wata ƙofa ce daban da ta NCC.

Sake sayar da layuka ya ƙara dagula lamarin. Wanda ya yi watsi da tsohuwar lambarsa ba tare da ya sauya ta a banki ba, sanarwar cirar kuɗi tana iya tafiya ga sabon mai lambar. Ta haka izinin cirar kuɗin da aka manta da shi zai iya ci gaba da aiki tsawon watanni mai asusu bai sani ba. Ga masu biyan ƙarshen wata kuma akwai wani haɗari. Dokar bayar da rahoton bashi ta 2017 ta sanya kamfanonin sadarwa cikin waɗanda ke iya miƙa bayanai ga cibiyoyin tattara tarihin bashi, don haka bashin da mutum bai amince da shi ba yana iya bin sunansa zuwa ranar da zai nemi rance.

Kamfanonin suna da nasu hanzari, kuma bai kamata a yi watsi da shi ba. Akwai masu layin da suka amince da tsari da kansu suka manta, akwai yaran da ke danna abin da suka gani a wayar iyayensu, akwai kuma waɗanda ke riƙe na'urar kamfani bayan sun daina biya. Sabuntawa ta kai-tsaye tana da amfani ga ɗan kasuwar da ba ya son datarsa ta yanke a tsakiyar ciniki. Sai dai wannan hanzari yana ƙara ƙarfafa buƙatar shaida ne, domin rubutaccen tabbaci yana kare kamfani mai gaskiya kamar yadda yake kare mai layi.

Yadda wasu ƙasashe suka tunkari matsalar

A Birtaniya, hukumar sadarwa ta Ofcom ta ci tarar Virgin Media fam miliyan 7 da EE fam miliyan 6.3 a Nuwamban 2018, saboda cajin da ya wuce ƙa'ida ga waɗanda suka fice kafin wa'adin yarjejeniyarsu. Lamarin ya shafi kusan mutum 82,000 a kamfani na farko da kimanin 400,000 a na biyu. Abin lura shi ne hukumar ta binciki littattafan kamfanonin ne da kanta, ba ta jira kowane mutum ya kawo hujjarsa ba.

A Amurka, kamfanin AT&T ya amince a 2014 ya biya dala miliyan 105, ciki har da miliyan 80 da aka ware domin mayar wa jama'a, a kan zargin cusa kuɗin ƙananan hidimomi a takardun biya ba da izini ba. Hukumar kasuwanci ta ƙasar ta kuma fitar da ƙa'ida a Oktoban 2024 da ke cewa sokewa ta zama da sauƙi daidai da shiga, amma wata kotun ɗaukaka ƙara ta rushe ta a Yulin 2025 saboda rashin bin matakan da doka ta gindaya wajen tsara ta. Darasin a nan shi ne, ƙa'ida mai kyau ma tana buƙatar a gina ta a kan tubali mai ƙwari.

Jamus ce ta fi kusantar zuciyar matsalar. Tun daga 1 ga Yulin 2022 doka ta wajabta wa kamfanin da ke ƙulla yarjejeniya mai ɗorewa ta intanet ya sanya maɓallin sokewa a shafinsa, ya kuma aika wa mai sokewa tabbaci nan take, ɗauke da rana da lokaci. Kamfanin da bai sanya maɓallin ba, abokin hulɗarsa yana da damar ficewa a kowane lokaci ba tare da jiran wa'adi ba.

Abin da za a iya yi a gida

Babu ɗaya daga cikin waɗannan matakai da ya fi ƙarfin Najeriya, kuma mafi yawansu ana iya aiwatar da su ta hanyar umarnin hukuma ba tare da sabuwar doka ba. Na farko shi ne rasit ɗin sokewa: duk wanda ya soke tsari, ta kowace hanya, a aika masa saƙon tes kyauta mai ɗauke da sunan tsarin, rana, lokaci da lambar shaida, cikin harshen da ya zaɓa. Na biyu, a juya nauyin kawo hujja. Idan aka yi jayayya, kamfani ne zai nuna lokacin da mai layi ya amince da kuma cewa bai soke ba, idan ya kasa ya mayar da kuɗin cikin ƙayyadadden lokaci. Na uku, a wajabta wa kamfani ya janye izinin cirar kuɗi daga banki a ranar da aka rufe hulɗa. Na huɗu, hukumar ta riƙa wallafa adadin ƙorafin lissafi a kan kowane kamfani da adadin kuɗin da aka mayar, domin mai saye ya san inda zai kai kuɗinsa. Akwai abin koyi a gida: a 2025 NCC ta umarci kamfanoni su biya diyya daidai gwargwado idan babbar katsewar sadarwa ta wuce sa'o'i 24. Ana iya faɗaɗa wannan manufa zuwa cirar kuɗi bayan sokewa.

Kafin a kai ga haka, rigakafi yana hannun mai layi. Yana da kyau ya riƙa duba tsare-tsaren da ke kan layinsa ta 305, ya ɗauki hoton allo a duk lokacin da ya soke wani abu, ya adana saƙon tabbaci. Mai intanet na gida ya soke a rubuce, ya karɓi takardar shaidar mayar da na'ura, sannan ya je banki ya janye izinin cirar kuɗi. Wanda zai bar layi ko ya koma wani kamfani da lambarsa ya fara cinye ragowar katinsa, domin ba ya bin sa zuwa sabon kamfanin, ya kuma sauya lambar a banki idan ya daina amfani da ita. Idan aka samu saɓani, ya kira 300, kada ya ajiye waya sai an ba shi lambar ƙorafi, domin da ita 622 za ta saurare shi.

Lokacin da NCC ta amince da ƙarin farashi a 2025, ta ɗaura shi da alƙawarin ingantuwar aiki da bayyana gaskiya ga masu amfani da layi. Jama'a sun fi auna wannan alƙawari da ƙarfin sabis da saurin data. Akwai ma'auni na uku da ya cancanci a sa a kan sikeli: ko kuɗi yana daina fita a ranar da mai layi ya ce ya daina, da kuma ko yana da abin da zai nuna idan bai daina ba.